Ranar da Na Gwada Garba Ɗan Kolej

Har yau ban manta da ranar da aka sa ni gwada Garba ba. Shekarun ƙarshe ne na mulkin Nasara, ina mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko ta Filinge, kuma ni ke kula da wasan ƙwallo na samarin gari. Labari ya zo cewa sojoji za su zo daga Yamai su kara da mu. Su da takalma masu ƙusa, mu ƙafa tsirara, kuma an san su da karya mutane.

Direktan lakwal ya kira ni ya ce, “Mushe Idi, akwai wani yaron garin Tabla, ɗan kolej, ya zo hutu. Ka duba shi, in zai iya riƙe mana tsakiya. In bai iyawa ka faɗi gaskiya, kar mu kai ɗan mutane a karya.”

Mai tsakiya shi ke karɓar ƙwallo daga baya ya raba wa ƴan gaba. In ya rikice, kowa ya rikice.

Da la'asar na haɗa samari. Garba siriri ne, bai cika gudu ba, sai waige-waige. Na ce a raina wannan rago ne. Amma duk inda ya tura ƙwallo, sai in ga mutum ya ɓullo wurin. Ana tsakar wasa na busa usur na ce kowa ya tsaya inda yake, na rufe masa ido da hulata.

“Faɗa mini inda kowa yake.”

Ya kira su ɗaya bayan ɗaya da suna, yana nunawa da yatsa, har da na bayansa. Sannan ya ce, “Mushe, Hamma bai tsaya ba, yana matsawa hagu.” Na duba, haka ne. Ido a rufe ya tura masa ƙwallon, ta tsaya a ƙafarsa.

Na tambaye shi ko yana tsoron sojoji. Ya ce, “Ina tsoro, mushe. Shi ya sa ba zan bari ƙwallo ta daɗe wurina ba.”

Na koma na ce wa direkta, “Ƙarfi bai da shi, ƙafar hagunsa ma da saura. Amma ban taɓa ganin ido irin nasa ba. A sa shi.”

Ranar wasa sun kayar da shi har leɓensa ya fashe, amma kafin su iso gare shi ƙwallo ta riga ta tafi. Sun ci mu da ƙyar. Da aka tashi, sarjan ɗinsu ya ratso fili ya tsaya gaban Garba yana haki, ya sara masa.

Ku da za ku gwada yara bayana, ku sani na kusa korar yaron nan saboda bai gudu. Tun daga ranar, ban ƙara yanke wa ɗan wasa hukunci ba sai na ga abin da yake yi kafin ƙwallo ta zo masa.