Koren Fentin da Muka Shafa wa Matakalar Mama

Aikina na farko a New York wankin kwanuka ne a wani tsohon otal na katako a bakin teku, can ƙasan Staten Island. Daga Park Hill nake hawa bas, in sauka inda titi ya ƙare, sai ga shi tsaye da hasumiyarsa da doguwar barandarsa. An gina shi tun zamanin da Turawa ke shiga wankan teku da riga har wuya. A da masu kuɗin Manhattan ne ke tsallako ruwa su yi wata guda a cikinsa. Lokacin da na zo, baƙuwarsa mafi aminci iska ce: ta shigo ta taga, ta gaishe mu a kicin, ta fice ta ƙarƙashin ƙofa.

Mai otal ɗin wata tsohuwa ce da ta gaje shi a wurin mahaifinta, Mama muke ce mata. Na wanke mata kwanukan da in an jera su za su kai Kano su dawo, sannan ta ga dama ta koya mini gashin kifi. Ni kuma na koya mata yaji, ta yi atishawar da ta tashi tsuntsayen gaɓar nan kaf. Ita ta share mana lungun ƙarƙashin matakala muna salla. Matakalar nan kuwa ita ce ranta. Baƙin katako ne mai sassaƙen ganye, hannuwan mutane sun goge madafarsa har tana sheƙi, kuma kullum da safe sai Mama ta bi ta da tsumma.

Sai babbar guguwa ta zo, teku ya shiga ɗakin cin abinci ya zauna ba tare da ya yi oda ba. Aka rufe otal, muka watse, Mama ta koma gidan kula da tsofaffi.

Bayan shekaru jikarta ta kira ni, ta ce za a gyara wurin, tana son tsofaffin hannu. Na tafi da abokina, wani mai fenti ɗan Maraɗi. Ran wata Asabar jikar ta shiga Manhattan, mu kuma muka tsaya muna kallon matakala.

"Malam, wannan abu ya ji jiki," in ji shi. "Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Haka za a nuna wa tsohuwa?"

"Me ka gani?"

"Kore. Mai walƙiya. In ta shigo ta san an yi aiki."

Mu a wurinmu gyara shi ne abu ya koma sabo. Ko ɗakin amarya ba a barinsa da tsohon launi. Muka sayo fentin da kanmu don ya zama kyautarmu ga Mama, muka shafa, ya bushe muka ƙara hannu na biyu a kai, ganyen nan muka ɗiga musu fari.

Da jikar ta dawo ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa, da jakarta a kafaɗa. Can ta ce ginin yana cikin jerin gine-ginen tarihi, mai dubawa daga hukuma zai zo nan da kwana goma, in ya ga fentin nan ba za a bari a buɗe ba sai an sake dogon zagayen neman izini. Likitoci kuma sun ce kakarta ba ta da wannan dogon lokacin.

Muka durƙusa kankarar fentin. Da ƴan wuƙaƙe, da auduga, da buroshin goge baƙi, ganye ɗaya bayan ɗaya. Gwiwoyina har yau suna tuna mini duk lokacin sujada.

"Ban gane mutanen nan ba," in ji ɗan Maraɗi. "An ba su sabo, sun ce a mayar musu da tsoho."

"Kankare dai, Alhaji. Kai ka ce kore."

"Kai ka ce a ƙara hannu na biyu."

Ana cikin kankarar ne na lura da abin da ban taɓa gani ba duk zamana a gidan: inda madafar ta lotsa daidai tafin hannu, a kowace kwana, saboda yawan waɗanda suka dafa ta. Daga nan na daina mita.

Mai dubawa ya zo da tocila, ya leƙa lungunan da ko gizo-gizo bai san da su ba, ya sa hannu a takardar izini.

Ranar buɗewa aka turo Mama a keken guragu. Ta rame, amma idon nan na nan. Ta ce a matsa da ita gindin matakala, ta ɗora hannu a kan katakon. Sannan ta dube ni.

"Na ji labarin abin da ka yi."

"Mama, sharrin ɗan Maraɗi ne."

Ta yi dariya har da tari, ta ce in je in gasa mata kifi. Ta cinye rabi, a teburin da ke kallon ruwa, inda mahaifinta ya saba zama. Sau uku ta sake zuwa kafin sanyi ya shigo, daga nan ba ta ƙara dawowa ba.