Jitar da Aka Ce Daga Ingila Ta Zo

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama na mallaki jita, irin mai tsirkiya huɗu da ake jona wa lantarki, wadda 'yan kiɗa ke kira bes. Ina aiki a masaƙa a Gusau lokacin, ranar hutu kuma in bi wasu 'yan kiɗa na Sabon Gari muna yin biki. Wanda ya kawo min ita aminin yayana ne, tare suka shiga soja, tare aka sa su cikin masu kiɗan bataliya. Yayana bai dawo daga yaƙin basasa ba. Shi wannan ya dawo, ya zo har gidanmu a Bunguɗu ya durƙusa gaban Inna yana hawaye. Inna ta ce masa ko hula ce, ko tsumman riga, a ba ta wani abu na ɗanta ta riƙa gani. Ya rantse da Allah komai ya ƙone cikin mota. Tun daga nan ta ɗauke shi ɗa, ni kuma na koma kiransa Yaya.

Shi ya ce min jitar sabuwa ce fil, wani Bature ya zo da ita daga Ingila bara. Muka yi musaya, na ba shi kekena, na dawo ina zuwa masaƙa a ƙasa ina murna kamar wawa. Inna ko kallonta ba ta son yi. In na je da ita Bunguɗu sai ta ce in bar wannan tarkacen a zaure.

Ba a yi wata biyu ba ta fara ƙugi in an jona ta. Shugaban kiɗanmu ya juya ta ya ce, "Kai, wannan ce sabuwa? To ni ma jariri ne." Raina ya ɓaci, don ji na yi kamar zagin Yaya ya yi. Na ɗauke ta na hau mota zuwa Tsafe wurin wani tsoho mai gyaran rediyo da ya daɗe yana aiki a shagon kayan kiɗa a Legas. Niyyata ya gyara ta, ya kuma gaya min shekarunta in dawo in rufe bakin mutane.

Na same shi da hantsi a rumfarsa, ƙarfen dalmarsa cikin garwashi. Bai yi gaggawa ba. Ya kankare gefe da farce ya ce baƙin nan fentin keke ne, a ƙarƙashi ja ce. Ya nuna min inda tsirkiya ta cinye ƙarafan wuya, ya ce wannan cin ba na shekara ɗaya ba ne, ba na biyar ba. Sannan ya kwance kusoshi huɗu ya cire wuyan gaba ɗaya. A gindin wuyan akwai rubutu da fensir da wani ɗan hatimi.

"Ɗana, wannan ba ta taɓa shaƙar iskar Ingila ba," in ji shi. "Ƙirar Japan ce. Ga shekarar nan, tun kafin yaƙi aka yi ta."

Na ce watakila Baturen ne ya cuci Yaya. Tsohon ya ci gaba da kwance farantin da ke rufe wayoyi. A cikin ramin, an cusa wata 'yar laya, ita ta danne waya har ta tsinke. Ya yi dariya ya ce to ga Baturen naka, ashe har laya yake sa wa kayan kiɗa kamar makaɗan kalangu.

Na ce a buɗe. Ya ce a'a, ba a buɗe layar wani. Na karɓe reza daga hannunsa na farke ɗinkin da kaina, don a lokacin zuciya ta riga ta ɗebe ni. Hannun rubutun na san shi, na malaminmu ne na allo a Bunguɗu, wanda ya koya min baƙi da wasali. Kuma kowa ya san yadda ake rubuta laya, sai an sa sunan mai ita da sunan uwarsa. Sunan yayana ne a wurin. Na Inna yana biye.

Na zauna a ƙasa da takardar layar a hannuna. Tsohon ya haɗa jitar, ya ɗora min a cinya.

Daga tasha ban biya gida ba, na wuce kai tsaye inda aminin yayan nawa yake aikin gadi. Na ajiye masa takardar a gabansa. Na zaci zai musa, ko ya yi kuka irin na ranar nan. Ina! Ya sosa ƙeya ya ce, "To ai gida ta dawo, mene ne abin tayar da hankali?" Ya ce da ya kai wa Inna, da ta ajiye ta gara ta cinye, gara ni da zan more ta. Na tambaye shi fentin fa, wa ya shafa? Ya ce in rage murya mutane na ji. Na ɗaga muryar, na kira shi maci amana a gaban abokan aikinsa, kuma har yau ban yi nadama ba. Ba keken ya ƙona min rai ba. Shekara uku yana kallon tsohuwar nan tana roƙon tsumma.

Kwana biyu ina juya ko in ɓoye mata. Ranar Juma'a na tafi Bunguɗu, na shige da jitar har tsakar gida. Tana tankaɗe, ta ɗago za ta yi faɗa, sai na miƙa mata fatar layar. Ta jujjuya ta. Ita ta kai wa baduku da kanta ranar da yayana zai tafi soja. Na gaya mata komai, ban rage ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta goge hannu da zane, ta ce in nuna mata inda yake riƙewa. Na nuna mata bayan wuyan, inda babban yatsa ya goge itacen ya yi santsi. Ta ɗora nata yatsan a wurin ta daɗe. Sannan ta ce, "Sau nawa na sa ka bar ta a zaure?" Ta ɗauke ta da hannu biyu ta shiga ɗaki, ban sake kaɗa ta ba.

Bayan la'asar sai ga aminin yayan nawa ya zo gaisuwa yadda ya saba, yana zaton ban faɗa ba. Ya yi sallama sau uku daga zaure. Inna tana zaune bakin gado da jitar a gefenta, ta ce min, "Je ka ce wa baƙon nan masu gidan ba su san shi ba."