Tayoyin Motar Sannu-Sannu

Duk wanda ya taɓa rasa wani a babban asibitin garin ya san Sannu-Sannu, ko ya san motarsa: tsohuwar farar bas da aka cire wa kujerun baya, aka bar dogon benci ɗaya a gefe. A ƙofar bayan asibiti yake fakawa, aikinsa kai gawa gida. Da ƙuruciyarsa tasi ya ja, kuma a lokacin gudu yake kamar an biyo shi. Girma da wannan aikin ne suka sauke masa ƙafa daga totur, har ya sami sunan. Da motar ya ci da iyali, ya aurar da 'ya'ya, ya rufa wa kansa asiri. Direbobi kan tsokane shi, wai shi kaɗai ne fasinjansa ba ya ƙorafi. Murmushi kawai yake yi, don ya fi damuwa da masu zama kan benci.

Wata rana da hantsi ya ɗauko gawar wani saurayi, uwar yaron da kawunsa na zaune a baya. A kwanar injin niƙa akwai wani rami da ruwa ya rufe. Duk da a hankali yake tafiya, motar ta faɗa ta girgiza, hannun mamacin ya zamo daga ƙarƙashin mayafi.

"Direba, tsaya!" uwar ta ƙwala ihu. "Ya motsa! Wallahi ɗana ya motsa!"

Ya tsaya, ya zagayo ya buɗe baya. Matar ta riƙe hannun tana murzawa, fuskarta cike da murna, tana cewa a juya asibiti. Kawun ya sunkuyar da kai. Dole Sannu-Sannu ne ya buɗe baki.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Rami ne."

Kukan da ta yi a nan ya fi wanda ta yi a asibiti. Abin ya tsaya masa a rai, ya ga kamar motarsa ce ta sake kashe mata ɗa. Ya ƙudurta cewa ba za a ƙara yi wa wata uwa haka a bayan motarsa ba.

Washegari ya tafi wurin mai taya, wani magidanci mai rumfa a bakin titi, ya kwashe labarin ya faɗa masa. Mai taya ya tsuguna ya daddanna tayoyin da babban yatsa.

"Baba, waɗannan ai na 'yan gayu ne. Rim babba, roba siririya, ko tsakuwa ka taka sai ta kai ga ƙashin bayanka. A sauko da rim lamba ɗaya, a sa taya mai tsayin gefe, ita ce ke shanye rami."

Aka sa. Da aka murɗa sitiyari sai sabuwar tayar ta riƙa gogar jikin mota ta ciki. Mai taya ya ɗauko sifesa, wani faifan ƙarfe da ake sawa a bayan rim don ya turo taya waje kaɗan. Sannu-Sannu ya ce a sa mafi kauri, a ganinsa ita za ta fi sa taushi.

"A'a, Baba. Sifesa ba ta sa taushi, fili kawai take ba taya. Mai kauri kuwa boris ɗin da taya ke juyawa a kai za ta ci maka, wata rana ka tsaya a hanya da gawar mutane."

Suka tsaya a kan siririya, aka ɗaure notuna tamau, aka daidaita iska. Saura gwaji, kuma nan aka sami matsala, don daga kujerar direba ba a jin abin da baya ke ji. Sannu-Sannu ya nemi wanda zai kwanta masa a baya, duk masu hira a rumfar suka tuna da aikin da suka bari.

Sai ya miƙa wa mai taya makulli, suka biya gida, ya kira matarsa.

"Maman yara, zo ki zauna min a benci."

"Malam, wace irin magana ce wannan? A motar gawa?"

"Kallona kawai za ki yi. In na motsa ki faɗa."

Ta yi ta jan ƙafa, amma ta shiga. Ya cire hula da takalmi, ya miƙe a inda yake kwantar da mutane, ya ja mayafi har ka, ya saki jikinsa gaba ɗaya. Mai taya ya ja mota, ya bi da su ta kwanar injin niƙa. Sannu-Sannu ya ji tayar gaba ta sauka ramin ta hau, ta baya ma haka, ba tsalle ba ƙara. Ransa ya yi sanyi.

Da motar ta tsaya ya yaye mayafin da murnarsa, zai tambayi matarsa. Sai ya ga ta toshe baki da gefen gyalenta, hawaye sun jiƙa mata fuska.

"Ba ka motsa ba, Malam," ta ce da ƙyar. "Tun daga ƙofar gida nake jira ka motsa."