Baitin Da Na Yanke Wa Baba Mai Jita

Edita, ina gaishe ka da duk masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni matashi ne ɗan Fagge mai ji da kansa, jikan Barebarin da fatauci ya kawo Kano suka zauna. Ina gabatar da shiri a wani gidan rediyo, inda nake sa waƙoƙin Turawa masu ƙarar jita, waɗanda ake ce wa rok. A gidanmu ba wanda ya gane abin da nake ji a cikinsu, Innata takan ce kamar ana faɗa a maƙera. Wanda ya koya mini son wannan kiɗa wani dattijo ne Ibo, Kirista, mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari. A ƙuruciyarsa ya kaɗa jita a otal-otal da wuraren biki, kuma yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, zan kira shi Baba kamar yadda muke kiransa. Shi yake ara mini tsofaffin faya-fayansa, ya zaunar da ni a kan benci yana bayani har azahar ta yi, sannan ya kore ni in je in yi salla, wai kada Innata ta ce shi ya lalata ni.

A shagon Baba na haɗu da wani tela, shi ma ɗan unguwarmu, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai kunya kamar amarya. Shekara da shekaru yana rufe shagonsa da la'asar ya taho Sabon Gari koyon jita. Baba yana bugun yatsunsa da sukundireba in ya yi kuskure, in an tashi kuma matarsa, wadda muke ce wa Mama, ta cika masa kwano da shinkafa. Ranar da na fara jin telan nan ya ɗora waƙar Hausa a kan wannan kiɗa, wallahi tsikar jikina ta tashi. Daman na gaji da aikin albashi, sai na ajiye shirin rediyo, na kama ɗaki ɗaya kusa da shataletalen Bata na buɗe kamfanin fitar da waƙoƙi, na naɗa kaina manajan mawaƙa. Telan nan shi ne mawaƙina na farko, kuma Baba ne ya kama hannunsa ya sa a nawa, ya ce in riƙe masa ɗansa da amana.

Mun shiga situdiyo muka ɗauki waƙar da muke sa ran za ta fito da shi. Kowa ya san al'adar mawaƙanmu, in waƙa ta zo ƙarshe sai an yi gaishe-gaishe, a ambaci waɗanda suka yi wa mutum rana. Mawaƙina ya gai da iyayensa, ya gai da telolin Fagge, ya ambaci sunana da na kamfanina har sau biyu, sannan ya ajiye wa Baba baiti guda cur a can ƙarshe, don a ganinsa babba shi ne a bayan sahu. A baitin ya kira sunan Baba da na garinsu, ya ce yatsun da suke kaɗa jitar nan aro ne daga Sabon Gari. Sau uku muna sake ɗaukar wurin saboda muryarsa tana rawa. Da muka gama bai ko tsaya cin abinci ba, ya tafi ya yi wa Baba albishir, ya faɗa masa rana da lokacin da za a fara sa waƙar a rediyo.

To, a nan ne ni gwanin ilimin rediyo na shigo. Waƙar ta kai minti tara, kuma na san abokan aikina na dā ba za su ba wa sabon mawaƙi fiye da minti shida ba. Da ni mai hankali ne, da na rage maimaicin amshin da ke tsakiya. Amma sai na zauna da mai haɗa sauti na ce ya bari gaisuwa ta gangaro har zuwa inda aka ambaci sunana, daga nan ya janye sautin a hankali har ya mutu. Na gaya wa kaina cewa lokaci ne ya tilasta, amma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, akwai wani tunani a ƙasan zuciyata cewa sunan Kudu a cikin waƙar Hausa zai iya rage mana kasuwa. Ni da na ci shinkafar gidansu har na san wane kwano ne nawa! Da wannan yankakkiyar waƙa aka je rediyo, da ita kuma aka buga faya-fayan da muka baza a kasuwa.

Ranar da aka sa ta, mawaƙina ya faɗo ofishina idonsa jajir yana tambaya ina baitin Baba. Nan take bakina ya ce gidan rediyo ne suka yanke. Da ya ga faifan kasuwa ma haka yake, sai na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, na ce cikakkiyar waƙar ta ɓace a kwamfutar situdiyo. Alhali tana nan a faifai ɗaya cikin aljihun teburina, a ƙarƙashin takardu. Ya ce mu sake ɗauka, na ce waƙa ta riga ta kama, ba a taɓa abin da jama'a suka karɓa. Na kuma yi masa alkawarin ni da kaina zan je in yi wa Baba bayani. Ban je ba, don na san dattijon nan yana kallon idona zai gane komai.

Bayan mako biyu mawaƙin ya ɗauki jitarsa ya tafi Sabon Gari. Da ya dawo ya ce mini Baba ya tarbe shi a tsaye, ya kira shi Alhaji, ya ce manya ba su da lokacin zama a benci. Ya roƙa a bar shi ya rera baitin a nan cikin shago, Baba ya ce a'a, ba ya son waƙar tausayi, in da baitin yana nan da duniya ta ji shi. Mawaƙina yana ba ni labari yana share ido da hularsa, ni kuma ina ce masa ya bar tsoho ya huce. Kunya ta hana shi komawa, zuciya ta hana Baba aike. Waƙa kuwa ta yi tashe, a Kantin Kwari ba layin da za ka bi ba ka ji ta ba. Muka shiga yawon biki da gala har ƙetare, na ɗauki wasu mawaƙan, na yi mota, na yi tumbi. Duk inda mawaƙina ya hau dandali sai ya rera baitin Baba da baki, mutane suna tafi ba su san ko wane ne ba. Haka muka ci shekara shida, kuma in zan shiga kasuwar Sabon Gari sai in zaga ta wata ƙofar.

Wata rana na je sayen sifika, ina cikin ciniki sai na ji an damƙe mini hannun riga. Mama ce. Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa ta ce lallai ɗan Barebari ya ci ya ƙoshi, shi ya sa ya manta hanyar gidan uwarsa. Ta ja ni gefe ta ce Baba ya kwanta ciwo mai tsanani, ya tashi da ƙyar, kuma 'ya'yansu sun matsa su tattara su koma gida Kudu ƙarshen wata. Daga nan, ba tare da na tambaya ba, ta ba ni labarin ranar da aka fara sa waƙar. Ashe Baba ya gayyato maƙwabtan shagonsa da 'yan cocinsu, ita kuma ta dafa tukunya guda. Ya ciro tsohuwar rigarsa ta kiɗa daga akwati ya sa, ya ɗora rediyo mafi kyau a kan tebur, yana ta ɗaga hannu yana cewa a yi shiru, yanzu za a zo wurin. Da aka ambaci sunana har tafi ya yi. Sai sauti ya mutu, aka shiga talla. Mama ta ce can sai ya ce rediyon ce ta sami matsala, ya ɗauko sukundireba ya kwance bayanta, ya sunkuyar da kai yana ta taɓe-taɓe a ciki har baƙin suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ba ta riƙe kowa ba, amma tana so telan nan ya zo su yi sallama. A tsakiyar kasuwa, a gaban mai sifika, na yi kuka kamar an ce mini Innata ta rasu.

Daga nan ofis na wuce, na ciro faifan, na tafi gidan mawaƙina na ajiye shi a gabansa na faɗa masa komai. Na zaci zai zage ni ko ya ce mu rabu. Sai kawai ya ce Allah ya yafe mana, in tashi mu tafi, lokaci ya ƙure. Na koma tsohon gidan rediyonmu na yi ta roƙo har suka yarda za su sa waƙar cikakkiya ranar Lahadi da yamma. Mama ta sake gayyato mutane, wannan karon a tsakar gidansu. Sai da muka shiga ta gaya mana abin da ta kasa faɗa a kasuwa: ciwon nan ya tafi da jin Baba, ko ganga aka buga a kusa da shi ba ya ji.

Yana zaune a kujera, ya rame. Da ya ga mawaƙina sai ya miƙa hannu ya kama yatsunsa yana duba kan su ɗaya-ɗaya, ya ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, wai fatar yatsun ta yi kanta, ashe bai daina kiɗa ba. Na rubuta laifina a takarda na miƙa masa a durƙushe. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta, ya ɗan buge ni da ita a ka, ya ce daman ya san wannan aikin ya fi kama da nawa, ɗansa tela ba shi da wannan wayon. Ya ce in tashi, kaya masu tsada ne a jikina. Aka kunna rediyo. Waƙa ta yi ta tafiya, aka gai da iyaye, aka gai da teloli, aka wuce sunana, ni kuwa kamar in nutse. Da baitin ya zo, tsakar gidan nan ta kaure da ihu da guɗa, mawaƙina yana durƙushe a gabansa yana bin baitin da baki yana hawaye. Baba yana ta bin fuskokinmu da ido yana murmushi, bai san an zo wurin ba sai da Mama ta dafa ƙirjinsa ta gyaɗa masa kai. Ya jawo rediyon ya manna kunnensa a jikinta har aka gama. Sannan ya ɗago ya tambayi Mama ko ya yi daɗi, ko yaron ya kira sunan garinsu daidai.

Sun koma Kudu kamar yadda aka shirya. Ni da mawaƙina muna nan tare, kuma duk Kirsimeti mukan kira Mama, ta rubuta wa Baba gaisuwarmu, mu jiyo shi yana amsawa da ƙarfi yana tsokanata. Ya yafe mini, ya faɗa ya maimaita, amma yafiyar ba ta mayar masa da abin da na ɗauke ba. Shekara shida yana da kunnuwansa lafiya lau, faifan yana aljihun teburina, tsakaninmu tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba.

Abin da na koya shi ne, gaisuwar da mawaƙi yake yi a ƙarshen waƙa ba cikon lokaci ba ce, wani lokacin ita kaɗai ce abin da yake da shi da zai saka wa wanda ya raine shi. 'Yan'uwana manajoji da masu situdiyo da ma'aikatan rediyo, in dole sai an rage waƙa, ku tambayi mai ita, in kuma suna za a cire ku fara da naku. Wanda kuma ya san ya shiga tsakanin mutum biyu masu ƙaunar juna da ƙarya, don Allah ya tashi yau ya je ya faɗi gaskiya, kada ya ce sai tsoho ya huce. Ni na jira, kuma har gobe mutumin da ya koya mini sauraron kiɗa bai taɓa jin sunansa a waƙar da aka yi masa ba.