Girgizar da Ba Ta Isa Duluth

Reino Salmela ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana tuƙa tifa a ramin haƙar tama da ke bayan garinmu, irin tifar nan da sai da tsani ake hawanta, wadda tayarta ɗaya ta fi rufin ɗakinsa tsawo. Aikinsa shi ne ya gangara ƙasan rami fanko, ya hauro da duwatsu, ya juye, ya koma. Da wuya gudunsa ya wuce na mai keke. In aka haɗa tafiyar da ya yi a rayuwarsa za ta isa ta zagaya duniya, amma duk a rami ɗaya ya yi ta. Da ya yi ritaya kamfani ya ba shi agogo, tare da shaidar cewa bai taɓa karya doka ba.

Gidana yana jikin nasa. Ni na koyar da 'yarsa Lorna a sakandare, kafin ta tafi Minneapolis ta zama ma'aikaciyar banki, saboda haka Malam yake ce mini, ko da muna zaune tsirara a ɗakin guminsa na bayan gida, wanda shi da danginsa 'yan asalin Finlan ke kira sauna.

Matarsa ta rasu gab da ritayarsa. Ya yi hunturu guda shi kaɗai, yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gidansa, in ya gama ya kwashe ta ƙofata. Da ƙanƙarar ta narke, sai ya tafi birnin Duluth a bas, ya dawo cikin sabuwar motar gudu mai kujera biyu, ruwan ɗorawa, wadda cikinta ya kusa shafar kwalta.

A shagon kofi inda tsofaffin ma'aikatan rami ke zama da safe, abokinsa Vukelich ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallonta.

"Reino, wannan shiga ake yi, ko sa ta ake yi kamar wando?"

"Kai dai ba ta shafe ka ba," in ji Reino. "An rubuta iyakar nauyi a jikin ƙofa."

"To ɗaya kujerar ta wace ce? Ka faɗa mana mu fara guge kwat."

"Ta hulata ce."

Ya riƙe motar yadda ya riƙe komai nasa. Ba ta fita in hadari ya haɗu, ba ta fita in an zuba tsakuwa a hanya, ba ta fita ranar da za shi kasuwa. Mafi yawan kwanakin mako tana tsaye a kan sumuntin gareji mai sanyi, an lulluɓe ta da mayafi. Littafin motar ya ce duk gyara a kai wa dilan da ya sayar da ita, in ba haka ba garanti ya lalace. Reino ya karanta wannan layin sau ɗaya, bai sake buƙatar karanta shi ba.

Ba ta yi wata ɗaya ba ya zo ya same ni ina yanke ciyawa. Ya ce in ya hau babbar hanya ya taka ta ta kai mil sittin, sitiyari na rawa a hannunsa. Ba da ƙarfi ba, kamar dai wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga can ƙarƙashin motar, a hankali, ba ya gajiya.

Ya kai ta Duluth, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Shugaban makanikan dilan, wani matashi mai fara'a da ake kira Brent, ya shiga ya zagaya da ita ya dawo.

"Yallaɓai, lafiyarta lau. Kamar man shanu take tafiya."

"Da safe ta yi."

"Yanzu da kake zuwa fa, ta yi?"

"Da na taso ta yi. Kafin in iso ta daina."

Duk da haka suka yi mata balansin taya, don girmama furfura. Zuwa na biyu suka yi mata alaimen. Zuwa na uku suka ce ya bar ta ta kwana, suka ajiye ta a garejinsu mai ɗumi, da safe mutum uku suka tuƙa ta bi da bi, kowa ya ce bai ji komai ba. Ba za a ce sun yi masa rashin kirki ba. Kullum sai sun ba shi kofi, sun wanke masa motar. Zuwa na huɗu ne Brent ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ka ce tifa ka tuƙa, ko? Ai jiki ba ya mantawa da wuri."

Mutanen shagon kofi sun karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu. Vukelich ya ɗaga nasa hannun, wanda injin fasa dutse ya bar wa karkarwa tun tuni, kofin na zuba a kan tebur.

"Ka gani? Ni kofina ke da lalatacciyar taya. Gobe zan mayar wa dila."

Aka yi dariya, Reino ma ya ɗan murmusa. Amma daga ranar ya rage zuwa shagon.

Duk wanda ya girma a layinmu ya san abin da ya sa. Mahaifiyar Reino, Aili, ta fara jin ruwa na gudu a ƙarƙashin daɓen kicin ɗinta tana da kusan shekarunsa na yanzu. Babu wanda ya ji sai ita. Garin nan a kan tsofaffin ramuka yake zaune, amma ba a ɗaga katako ko ɗaya an duba ba, likita aka kira. Aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na gwamnati da ke kudu, can ta rasu. Reino bai cika maganarta ba. Wata Asabar a ɗakin gumi, bayan ya watsa ruwa a kan duwatsu tururi ya rufe mu, sai na ji muryarsa daga benci na sama.

"Ba ihu take yi ba fa, Malam. Cewa kawai take, ku tsaya, ku saurara. Sai mu tsaya. Sai mu dubi juna."

Sannan ya ce, "Gobe ka zo ka shiga motar nan."

Na shiga. Abin da ban sani ba, shi ma bai kawo a ransa ba, shi ne ya fita da ita a yammacin Asabar ɗin don ya tabbatar tana girgizar. Muka hau babbar hanya, ya taka. Kwaltar arewa duk sanyi ya tsattsaga ta, ni kuma gindina bai taɓa zama kusa da ƙasa haka ba. Komai girgiza yake a wurina.

"Ka ji?"

"Ban sani ba, Reino. Wanne daga ciki?"

Ya ɗora tafin hannunsa a kan sitiyari kamar mai duba zazzaɓin yaro. Muka yi tafiya mai nisa a haka.

"Yau ba ta yi ba," ya ce. Ya juya muka dawo gida.

Daga nan ya shiga bin abin kamar maharbi. Ya ɗaure kofin ruwa a gaban mota don ya ga ko zai kaɗa. Ya kan tsuguna gaban kowace taya ya shafa ta da yatsu. Da safe in na buɗe labule sai in gan shi zaune a cikin motar a gareji, injin a kashe, hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana jira ya gane ko daga shi ne.

Sai dai gaskiya akwai wasu abubuwan, waɗanda ba su da alaƙa da taya. Ya bar wuta a murhun ɗakin gumi ya tafi coci. Ya kira Lorna a waya da sunan mahaifiyarta, ya yi ta ba ta labari bai lura ba. Farkon kaka, yana dawowa daga zuwansa Duluth na ƙarshe, ya wuce kwanar garinmu, hanyar da yake bi tun yana goye, sai a wani gidan mai kusa da iyakar Kanada aka same shi yana tambayar inda aka mayar da garin.

Lorna ta zo a ƙarshen makon. Ina jin su ta taga.

"Baba, sau nawa ka kai motar nan?"

"Ba na ƙirgawa."

"Na kira su. Sun ce babu abin da ke damunta."

"Su suka sayar da ita, me kike so su ce?"

"To Malam fa? Shi ma sayar maka ya yi?"

Ta kai shi wurin likita. Aka ce ya zana fuskar agogo, aka faɗa masa wasu kalmomi aka ce ya riƙe, aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, yana farkonsa, kuma tuƙi ya ƙare. Game da girgizar, ya ce masu wannan ciwo su kan ji abin da babu. Reino ya saurara tsaf, ya ciro mukullin daga aljihu ya miƙa wa 'yarsa tun ba su bar ofishin ba. Doka ce, kuma likita ne ya faɗe ta.

Motar ta yi makonni a gareji ba wanda ya taɓa ta. Sai wata safiya mai raɓa da ta daskare a kan ciyawa, Lorna ta zo ta tafi da ita Duluth don a sayar. Ta roƙe ni in zauna da mahaifinta. Ya ƙi fitowa ya ga tafiyar motar, ya dafa mana kofi, ya yanka burodin kirfa, muka zauna a kicin muna maganar farashin itace.

Kafin azahar sai ga ƙarar motar a ƙofar gida. Lorna ta shigo ba ta cire safar hannu ba. Ta ce ba ta yi nisa a babbar hanya ba sitiyari ya kama rawa har agogon hannunta na kaɗawa. Ta juyo, ta shiga shagon mai taya na bakin gari, wanda mahaifinta ya wuce ta gabansa duk bazarar nan saboda garanti. Aka ɗaga motar aka juya tayoyin. Biyu na gaba robarsu ba ta da kyau tun daga masana'anta: in mota ta daɗe tsaye a wuri mai sanyi, gefen da ke ƙasa sai ya baje ya sandare. In aka yi tafiya taya ta ɗau zafi, sai ta koma daidai. Tafiyar Duluth ta ishe ta warkewa.

Ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, tana girgiza. Na ji da hannuna. Gaskiyarka ce tun farko."

Reino ya dube ta, ya dube ni. Ya tura mata farantin burodi.

"Ci wani abu, 'yata. Kin sha sanyi."

"Baba, ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Na kuma ji abin da nas ta faɗa miki a bakin ƙofa ran nan. Ta ce kada ki yi musu da ni, duk abin da na ce ki ce haka ne. Kunnena dai bai lalace ba tukuna."

"Ba shi ba ne. Malam, ka faɗa masa."

Na ce masa na yarda da ita, na kuma maimaita bayanin robar yadda na fahimce shi. Ya saurare ni da ladabi, yadda iyaye ke sauraron malamin 'ya'yansu.

"Kai ai ka shiga, Malam. Ka ce ba ka sani ba."

"To mu bar ta ta yi kwana biyu a gareji," in ji Lorna. "Sai in ɗauke ka, ka sa hannu ka ji da kanka."

"In na ji, me ya nuna? Ai da ma ina ji."

Ta ce za ta kawo mai tayar har gida. Ya ce kada ta wahalar da bawan Allah, yana da aikinsa. Ta yi kuka kaɗan, shi ya lallashe ta, ya ce ta yi ƙoƙari, kuma ya gode.

Dilan ya sauya tayoyin kyauta, ba tare da wata gardama ba, har Brent ya aiko da gaisuwa. Wani likitan haƙori ya sayi motar, an ce yana jin daɗinta.

Reino yana nan a gidansa, wata mata na zuwa duba shi da rana. Ya koma zuwa shagon kofi, ni nake kai shi. Labarin tayoyin ya riga ya zagaya gari, kuma ba wanda ya sake yi masa ba'a a kai. Kwanan baya Vukelich ya matso da kujerarsa ya ce, "Mutumina, ashe dai da gaske robar ce. Mu ne jakai."

Reino ya riƙe kofinsa da hannu biyu, ya dubi mutanen teburin ɗaya bayan ɗaya.

"Har da kai aka haɗa baki, Vukelich?" ya ce. "Ku bar ɓata wa motar mutane suna. Lafiyarta lau."