Sanƙon Rufin Veikko

A unguwarmu da ke garin Thunder Bay, in dusar ƙanƙara ta sauka, rufin gida shi ke tona asirin mai shi. Gidan da ya riƙe ɗuminsa, rufinsa fari fat yake kwana. Wanda ɗumi ke tsere masa kuwa, sai dusar ta narke a wurin, baƙin rufi ya bayyana kamar sanƙo.

Veikko Rautio tsohon kafinta ne, kuma shi ya naɗa kansa alƙalin rufin kowa. Yakan tsaya a bakin hanya da kofinsa, yana nuni da haɓa. Har maƙwabciyarsa Marjatta bai bari ba. Da ya ga sanƙo a rufinta, a gaban mutane ya tambaye ta ko tsuntsaye take hura wa wuta. Mun yi dariya, ni ma har da ni, don bakinsa da daɗi in ba kai ya kama ba.

Shi ya huda rufinsa ya sa wa matarsa Aili tagar sama, ya haɗa ta da silin da wani dogon wuya na katako da ya ratsa ta ƙarƙashin rufi. Wannan wuyan ne ba a lulluɓe da audugar tare ɗumi ba. Bayan rasuwar Aili muka lura sanƙo ya kewaye tagar, kowane hunturu yana ƙara faɗi. Ba wanda ya tanka, don wanzami ba ya son jarfa.

Wata safiya Marjatta ta fito shara ta tarar da shi a kan tsani, yana ɗibar dusar ƙanƙara da shebur yana watsa wa sanƙon don ya rufe. Ta ce fuskarsa ta yi ja har kunne, ya kasa hawa, ya kasa sauka.

"Sauko, maƙwabci, kafin ka karye," in ji ta. "Tsuntsayen sun gode."

Da la'asar ta kira ni, muka shiga gidan ba tare da neman izini ba. Yana zaune a kicin, bai ɗago kai ba. Muka ɗaga murfin silin muka leƙa da tocila. Ga audugar nan a naɗe cikin ledarta, jingine da wuyan tagar, ƙura ta rufe ta, ga wuƙarsa a kai. Ashe ya hau da ita tun kakar da Aili ta kwanta ciwo.

Marjatta ta daina zolaya. Muka yanka, muka naɗe katakon ta ko'ina, muka toshe kowace kafa. Da muka sauko ya dafa mana kofi.

"Ranar ina can sama Aili ta kira ni," ya ce. "Na ce mata ta jira in gama."

Rufinsa fari ne yanzu. Amma ban sake ganinsa a bakin hanya yana duban na kowa ba.