Kaset ɗin bikin Goggo

Shekara uku da rasuwar Baba, wata Lahadi bayan mun dawo daga coci, Mama ta ce mini ta manta muryarsa. Tana tsinke ganyen zogale ta faɗa, ko kallona ba ta yi ba.

"Fuskar tana nan a bango," in ji ta. "Amma in na so jin yadda yake kirana, sai in ji shiru."

Ni ba gwanin lallashi ba ne. Abin da na iya shi ne haɗa wayoyi, don haka na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. Kaset-kaset ɗin bidiyo ne a ciki, ashirin da uku, tun zamanin da Baba ke aiki a masaƙa a Kakuri: bikin aure, baftisma, godiyar kaka a coci, da walimar da aka yi masa ranar da ya bar aiki. Na ce mata zan zuba su duka a kwamfuta, ta kalla a talabijin ko a wayarta duk lokacin da ta ga dama. Na yi alkawarin da ƙarfin gwiwa, alhali ban kunna ko ɗaya ba.

Rabinsu sun yi fumfuna fari fat. Na kwashe su daga gidanmu a Narayi zuwa Kakuri a keke, wurin wani Malam mai gyaran rediyo, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya goge da auduga, ya kuma ara mini tsohuwar na'urar bidiyo. Ya gargaɗe ni cewa zaren kaset ɗin ya tsufa, kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe.

Aikin ba wuya, sai cin rai. Kaset na awa uku sai ya ci awa ukunsa cif, ba a yi masa gaggawa. In aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, a koma farko. Asabar-Asabar na yi ta yi har damina ta wuce. Ni kuma mutum ne mai son tsari, har ya yi yawa. Da zarar biki ya ƙare, hoto ya koma yashi-yashi, sai in danna tsayawa, in sa wa fayil suna, in ɗauki na gaba.

Tun a kaset na biyu na gane akwai matsala. Masu ɗaukar bidiyo na wancan zamani ba sa barin sautin wuri. Suna gama ɗauka sai su goge shi su ɗora waƙa a kai, daga farko har ƙarshe. Bidiyon da ake jin kukan yara da ƙarar cokula, aikin da ba a gama ba ne a wurin mutanenmu. Abin haushin ma, Baba na cikin masu nacewa a kan haka. Na tuna sarai ya taɓa mayar wa wani mai ɗauka da kaset, wai shi hayaniyar kasuwa aka kawo masa.

To ga shi nan. Baba a tsaye cikin babbar riga, shugaban biki, makirfo a hannu, yana jawabi na minti goma. Baki na motsi, yatsa na nuna sama, jama'a na dariya, mu kuwa sai ganga da muryar matan zumuntar coci muke ji. Wallahi na so in jefi allon da takalmi. Duk da haka na ci gaba, ina cewa ai a cikin ashirin da uku ba za a rasa ɗaya ba. Aka rasa.

Ban gaya wa Mama ba. Na ajiye tsohuwar kwamfutata a ƙarƙashin teburin talabijin, na haɗa ta da akwatin intanet na gida, yadda kowace waya da ke gidan za ta iya jawo finafinan. Na jera su da hotuna, tsaf. Na koya mata inda za ta taɓa. Kwana huɗu ta yi tana kallo, tana lissafa mini waɗanda suka mutu da waɗanda suka koma ƙauye. A rana ta biyar ta ajiye wayar.

"Sannu da aiki," ta ce. "Amma bebe ka kawo mini."

Raina ya ɓaci, na ce ai mijinta ne ya sa aka mayar da shi beben, ba ni ba. Ta tashi ta shiga kicin, ni kuma na zauna da kunyar bakina.

Ranar da na mayar wa Malam na'urarsa, na ba shi labari don in huce. Ya cire tabarau ya yi dariya.

"Ɗana, ai mu ne muka yi wannan aika-aikar. Da ƙuruciyata na yi aikin ɗora waƙa. Ka bar su sun tafi har ƙarshen zare?"

Na ce ina tsayarwa in biki ya ƙare.

"Kash! Ai mu iyakar bikin muke rufewa. Abin da ya biyo baya ba mai komawa kansa. Wani lokaci mai ɗauka yakan ajiye kyamara ya manta bai kashe ba."

Na sake ɗaukar na'urar na koma gida. Kaset biyu suka tsinke a hannuna a wannan zagayen. Yawanci ba komai a wutsiyar sai yashi. Ɗaya yana da wasan ƙwallo da wani ya naɗa a kai, kuma ina zargin ni ne.

Kaset na sha bakwai shi ne bikin Goggo, ƙanwar Baba, wanda aka yi a Romi. Bayan yashin ya yi kamar minti biyu, sai hoto ya dawo a karkace. An ajiye kyamarar a kan benci. Ba fuskar kowa, sai ƙafafu da kujerun roba da ake tarawa, da kare yana lasar faranti. Amma akwai sauti. Na ji iska, na ji ana jan tebur. Sai baƙin takalmin Baba ya shigo, wanda yake gogewa kowace Asabar, ya tsaya kusa da wasu silifas shuɗɗa. Sai ga muryarsa.

"Maman yara, ke kin ci abinci kuwa? Tun safe kike tsaye. Zauna, ni zan kwashe kujerun."

Sai muryar Mama, siririya, a gajiye: "Don Allah ka bar ni, ina da aiki."

Takalmin ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya ɗauki kujera. Shi ke nan. Duka bai kai rabin minti ba.

Na yi tunanin yanke amsarta, don na san za ta yi mata zafi. Har na sa alama a wurin. Daga baya na ga na yanke abin da ya isa haka, na bar shi yadda yake. Na sa shi a saman jerin, na miƙa mata wayar a kicin, na fita tsakar gida.

Ta tagar kicin na ji ta kunna sau uku. Ba ta yi kuka ba, ko kuma ban ji ba. Da na shigo na tarar ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta yi a kicin.

"Haka na ce masa?" ta tambaye ni.

Na ce haka ta ce.

Ta jinjina kai, ta ce in miƙo mata faranti.

Yanzu kwamfutar tana nan a ƙarƙashin tebur, ba a kashe ta. Sauran finafinan ba mai taɓa su sai in baƙi sun zo. Amma kusan kullum da azahar, in ina gida, nakan ji jan tebur da muryar Baba daga kicin yana tambaya ko ta ci abinci. Mama ta koyi inda za ta danna ta tsayar da shi kafin waccan matar, ita ta wancan lokacin, ta amsa.

"Ga shi ina ci," take cewa. "Na zauna."